An Cire Maƙoƙo, Saura Ƙwayar Kowace Safiya

Karatu: 2 Sarakuna 20:1-7, Fitowa 16:13-21, Luka 17:11-19



Akwai wata shaida da muka taɓa yi wa tafi a majami'a, wadda har yau in muka tuna da ita sai kunya ta rufe mu. Da izinin mai labarin muke ba da shi, sunanta kuwa za mu sakaya.

'Yar'uwa ce a ƙungiyar mawaƙa, daga wani ƙauye tsakanin Ka'oje da bakin iyaka. Tun tana 'yar makaranta maƙoƙo ya fito mata. Ya yi ta girma har ta kai ba ta iya kwanciya rigingine, in ta ɗauko waƙa sai numfashi ya yanke mata a tsakiya. Ikkilisiya ta yi abin da ya kamata. Zumuntar mata suka yi karo-karo, matasa suka yi ƙwadagon yankan shinkafa suka zuba kuɗin, mahaifinta ya sayar da ɗaya daga cikin shanun nomansa. Aka kai ta babban asibiti, aka yi tiyata, aka cire maƙoƙon gaba ɗaya. Ranar da ta dawo muka yi sujadar godiya, aka yi rawa, aka ci aka sha. A ranmu, magana ta ƙare.

Amma likita ya sallame ta da wata 'yar ƙwaya wadda ba ta kai ƙwayar wake girma ba, ya ce ta riƙa sha kowace safiya muddin ranta. Ta riƙe wannan har watanni. Sai aka yi taron farkawa a watan Janairu. Baƙon mai wa'azi ya ce duk wanda ya gaskata Yesu ya warkar da shi, ya kawo magungunansa ya zube a gaban bagade. Ta kawo nata. Bayan mako uku ta tsaya gaban jama'a ta ce, "Yau kwana 21 ban sha ba, ga ni garau." Majami'a ta ɗauki tafi. Mu da ke zaune a kujerun fastoci, mu ma muka ce Halleluya.

Kafin ƙarshen Afrilu abubuwa suka canza. Kun san zafin Bagudo a wannan lokaci, kowa a waje yake kwana, ita kuwa da rigar sanyi take yawo. Fuskarta ta kumbura, fatarta ta bushe, gashinta yana zuba, muryarta ta yi kauri. Tana zaune a wurin koyon waƙa barci zai kwashe ta. A tambaye ta abu, sai ta daɗe kafin ta amsa. Wasu suka ce lalaci ne, wasu suka ce jifa aka yi mata, har aka fara shirin addu'ar fitar da aljanu. Wata nas a cikinmu ce ta kama hannunta ta ce, "Ƙanwata, ina ƙwayarki?" Gwajin jini ya nuna jikinta ya ƙare da sinadarin da ƙwayar ke ba ta. Aka mayar da ita kan magani, a hankali ta dawo hayyacinta. Yau tana waƙa.

Ga ra'ayinmu a fili. Wanda aka cire wa maƙoƙo duka, shan ƙwayarsa kowace safiya biyayya ce ga Allah wanda ya ba shi rai. Ikkilisiyar da ta tara kuɗin tiyata kuwa ba ta gama aikinta ba sai ta tsaya masa a kan maganin. Tafin da muka yi ran nan kuskure ne, ya kusa jawo asarar rai.

Me aka cire?

A gaban wuyan kowane mutum, ƙasa da zakaran wuya, akwai wani ɗan nama mai fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiransa tayirod. Aikinsa shi ne ya ɗauki sinadarin aidin daga abinci ya mai da shi wani sinadari mai suna tairoksin, wanda ke tsara saurin aikin jiki duka: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkewar abinci, kaifin tunani, al'adar mata, girman yaro. Babban mutum yana bukatar aidin maikrogiram 150 a rana, mai ciki kuwa 250. In aidin ya yi ƙaranci, sai ɗan naman nan ya yi ta kumbura, yana ƙoƙarin kamo ɗan abin da ya samu. Wannan kumburin ne maƙoƙo. Shi ya sa ya fi yawa a wuraren da ke nesa da teku, da inda ruwa ya daɗe yana wanke ƙasa, da inda ake yawan cin rogon da ba a jiƙa sosai ba. Shi ya sa kuma tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin da ake sayarwa a Nijeriya. Akwai kuma maƙoƙon da ba ruwansa da ƙarancin aidin: wani naman ne ke aiki fiye da kima, wani ƙari ne ya fito a ciki, wani kuma daji ne.

Mu manoman shinkafa ne, saboda haka mu ɗauki misali daga gida. Aidin ita ce shanshera, tayirod shi ne injin casa, tairoksin kuma ita ce shinkafar da za a dafa. Wanda aka cire wa tayirod duka, an ɗauke injin daga garin. Ko ka tara masa shanshera buhu ɗari, wato ko ya ci gishiri mai aidin da kifi kullum, ba za ta zama abin dafawa ba. Sai an kawo masa casasshiya daga waje. Ƙwayar nan ita ce casasshiyar shinkafa, irin sinadarin da jikinsa ke yi a dā. Wanda aka cire wa ɓangare ɗaya, sau da yawa ɓangaren da ya rage yakan ishe shi, amma gwajin jini ne zai faɗi haka, ba yadda yake ji a jikinsa ba.

To, me ya sa 'yar'uwarmu ta ji garau har kwana 21? A nan tarkon yake. Tairoksin ba ya ƙarewa a jiki dare ɗaya. Yakan ɗauki kusan mako guda kafin rabinsa ya fita, a mako na biyu saura kashi ɗaya cikin huɗu, bayan wata guda ɗan kaɗan ne ya rage. Manomin da ya daina noma ba ya kwana da yunwa a ranar, domin akwai sauran hatsi a rumbu. Shaidar da muka yi wa tafi, sauran hatsin rumbu ne. In aka bar mutum haka, zuciyarsa takan rage gudu, jiki ya yi sanyi, hankali ya dushe, ƙarshenta ya iya kai shi ga dogon suma da mutuwa, musamman in wani ciwo ya same shi a kai.

Likitoci ma da hawaye suka koyi wannan. Theodor Kocher, likitan tiyata a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, inda maƙoƙo ya yi yawa a dā, ya ƙware wajen cire shi. A 1874 ya cire wa wata yarinya 'yar shekara 11 tayirod duka, aiki ya yi kyau. Bayan shekaru ya sake ganinta: ta daina girma, hankalinta ya dushe, ƙanwarta ta wuce ta tsawo. Ya aika a kirawo sauran waɗanda ya yi wa irin aikin. Cikin 18 da suka zo, 16 suna da wannan ciwo. A 1883 ya tsaya gaban 'yan'uwansa likitoci ya bayyana abin da ya gani. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya fara yi wa wata mata mai ƙarancin wannan sinadari magani da ruwan tayirod na tumaki, ta farfaɗo, ta ƙara shekara 28 a duniya. A ranar Kirsimeti ta 1914 Edward Kendall a Amurka ya ware tairoksin zalla. Abin da mutanen Kocher suka rasa, shi ne 'yar'uwarmu ta zube a gaban bagade.

Me Maganar Allah ta koya mana?

Ku sake duba labarin Sarki Hezekiya. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah ya ji, ya aiko annabi Ishaya da alkawarin ƙarin shekara 15. Annabin da ya kawo alkawarin, shi ne kuma ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Ishaya bai ga saɓani tsakanin alkawarin Allah da curin ɓaure ba. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha saboda ciwon cikinsa, ya bar Tarofimas ba lafiya a Militas, ya kuma yi tafiye-tafiye tare da Luka likita.

Amma labarin da ya fi dacewa da wannan ƙwaya shi ne na manna. Allah ya raba teku sau ɗaya, Isra'ilawa suka haye. Manna kuwa kowace safiya sai an fita an tsinta, shekara 40. Duka biyun aikin hannun Allah ne. Matsalarmu ita ce mun fi son shaidar raba teku, mai ƙara, mai sa a tashi tsaye. Ba mai tafa wa wanda ya ce, "Yau ma na fita na tsinci rabona." Ba'isra'ilen da ya ƙi fita tsintar manna don ya nuna bangaskiya, yunwa ce za ta kashe shi a tsakiyar tanadin Allah. Manna ta tsaya ne sa'ad da suka ci amfanin ƙasar Kan'ana, kuma Allah ne ya tsayar da ita, ba su ba. Wanda aka cire wa tayirod, ranar da za a ba shi sabon jiki tana zuwa. Kafin nan, ya tsinci rabonsa kowace safiya da godiya.

Wani zai ce, "Baba fasto, kana nufin Allah ba ya iya mayar da abin da aka yanke?" Yana iyawa. Wanda ya ta da Li'azaru, ɗan nama a wuya ba zai gagare shi ba. Amma ku lura da abin da Yesu ya yi da kutare goman nan. Ya aike su wurin firistoci, waɗanda a Dokar Musa su ne masu duba fata su tabbatar ko mutum ya tsarkaka. Warkarwar Yesu ba ta tsoron bincike. In kin gaskata Allah ya taɓa ki, ki ci gaba da shan ƙwayarki, ki je a gwada jini. In tayirod ya dawo aiki, gwajin zai nuna sinadarin ya yi yawa, likita da kansa zai rage maganin, ki zo mana da takarda mu yi rawa tare. Zubar da magani kafin gwaji kuwa ya fi kama da abin da Iblis ya nema a wurin Yesu a kan ƙololuwar Haikali: ka faɗa ƙasa, Allah ya tare ka. Kun san Yesu ya ƙi.

Wani kuma zai ce, "Maganar ba ta bangaskiya ba ce, ta kuɗi ce." Wannan yana da gaskiya, kuma ita ta fi mana zafi. Da muka zauna da 'yar'uwarmu daga baya, ta ce ran da ta zube maganin, katin ƙarshe ne a hannunta, tana kuma jin nauyin ta sake tambayar mahaifinta bayan ya riga ya sayar da sa. Kiran mai wa'azi ya ba ta hanyar fita ba tare da kunya ba. Sau nawa talauci ke sa rigar bangaskiya ya shigo majami'a ba mu gane shi ba? Ƙwayar ba ta cikin magunguna masu tsada sosai, tana ma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Abin da ke karya mutum shi ne kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, da kuɗin gwaji, da kuma cewa abin ba shi da ranar ƙarewa.

Abin da mai jinya da masu jinya za su sani

A kwanakin farko bayan tiyata, abu uku ake sa wa ido. In wuya ya kumbura nan da nan, numfashi ya yi wuya, a kira likita a take, ba a jira safiya. In mutum ya ji leɓɓansa da 'yan yatsunsa suna tsitstsira kamar tafiyar kiyashi, ko hannu yana ƙagewa, alama ce kalsiyam ya yi ƙasa a jini. Dalili kuwa, a bayan tayirod akwai wasu 'yan ƙananan nama guda huɗu, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, masu kula da kalsiyam, kuma tiyata takan girgiza su. Akan ba da ƙwayar kalsiyam, wani lokaci da bitamin D, yawanci na ɗan lokaci. Na uku, murya takan dishe, domin jijiyar murya tana bi ta gefen tayirod. Mawaƙanmu su yi haƙuri, ga yawancin mutane tana dawowa cikin makonni ko 'yan watanni. In ta ƙi, a koma asibiti.

Ita kuwa ƙwayar kullum, a jikin kwalinta za ku ga an rubuta Levothyroxine. Ana shan ta da ruwa zalla, ciki ba komai, sannan a jira minti 30 zuwa awa guda kafin koko, shayi ko wani abinci. Maganin ƙarin jini, ƙwayar kalsiyam da maganin gyambon ciki mai kama da madara suna hana ta shiga jiki, saboda haka a raba su da ita da awa huɗu. Awara da madarar waken suya ma a nisanta su da ita. Bayan mako shida zuwa takwas da farawa, ko da canjin awo, a yi gwajin jini da ake kira TSH. In awo ya daidaita, gwaji sau ɗaya ko biyu a shekara ya isa. Kada kowa ya ƙara wa kansa don yana jin kasala, domin in ta yi yawa takan kawo faɗuwar gaba, zufa, rama da rashin barci, ta kuma raunana ƙashi. Zafi da laima suna rage mata ƙarfi: a bar ta cikin katinta, a ɗaki mai inuwa, ba a aljihun babur ko kan taga ba. Mantuwar rana ɗaya ba tashin hankali ba ce. Dainawa ita ce haɗari.

Game da azumi da addu'a na farkon shekara, mu dai a wurinmu ƙwaya ɗaya da kurɓin ruwa ba ta karya azumin kowa. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi yardar likita ya riƙa sha lokacin kwanciya, awa uku bayan cin abinci.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin abin lura. Daga Tsamiya zuwa Segbana, ko daga Lolo zuwa Malanbil, wasunmu kantin maganin Jamhuriyar Benin ya fi musu kusa da na Birnin Kebbi. A can za a miƙo maka Levothyrox, a nan Euthyrox ko wani suna, amma sinadarin ɗaya ne. Abin dubawa shi ne lambar: 50, 75, 100. Ko an rubuta µg ko mcg, awo ɗaya ne, kuma 0.1 mg daidai yake da 100 mcg. In ka canza daga wani kamfani zuwa wani, ka faɗa wa likita, domin yana iya neman a sake gwaji. Kada ka je kemis ka ce "a ba ni maganin maƙoƙo." Akwai Carbimazole, wanda ake ba masu tayirod mai aiki fiye da kima kafin tiyata, aikinsa kishiyar na ƙwayarka ne. Ka tafi da tsohon kwali a hannu. Kada kuma ka saya a faranti ko a kan babur ranar kasuwa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. A shekarar ce kuma gwamnatin Benin ta kai samame wurin masu sayar da magani a kasuwar Dantokpa ta Kwatano. A namu ɓangaren, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Hanya ma ba ta da tabbas. Mun ga an rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba na 2020, ta Kamba kuwa sai Afrilu na 2022. Mun ga ambaliyar 2020, sa'ad da Kogin Kwara ya cinye gonaki ya yanke hanyoyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ransa ya rataya a wannan ƙwaya, kada ya bari abin da ke hannunsa ya yi ƙasa da na wata guda, musamman gab da damina.

Saura ku, samari

Mun san 'yan mata da ke ɓoye tabon wuya da ɗankwali, suna ɓoye katin magani a ƙasan akwati, don kada saurayi ya gani ya gudu, ko uwarsa ta ce ɗanta ba zai auri mai ciwo ba. Wasu ma sukan daina sha da zarar an sa ranar aure. Ku ji da kyau: matar da ke shan ƙwayarta daidai tana ɗaukar ciki, tana haihuwa, tana shayarwa kamar kowace mace. Dainawa ce ke rikita al'ada, ta kawo ɓari, ta kuma cutar da ƙwaƙwalwar jariri, domin a watannin farko ɗan tayi da sinadarin uwarsa yake dogara. Bukatarta ma ƙaruwa take yi da ciki. Ran da ta gane ta samu ciki, ran nan za ta nemi likita. Saurayin da ke shirin yin alkawari a gaban Allah da ikkilisiya cewa zai riƙe ta cikin lafiya da rashinta, in 'yar ƙwaya ɗaya ta kore shi, bai shirya aure ba tukuna.

Aikin da ke gabanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon Zumuntar Matasa ta ɗauki abu uku. Na ɗaya, a ware wani abu daga baikon zumunta kowane wata domin magani da kuɗin motar gwaji na 'yan'uwa masu shan maganin kullum, a kuma ba su a asirce, ba a gaban jama'a ba. Na biyu, kowane irin wannan ɗan'uwa ya sami aboki guda wanda zai riƙa tambayarsa, "Saura kwana nawa?", ya kuma tuna masa ranar gwaji. Masu zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato karatu da kasuwanci su riƙa yin cigiya kafin su tashi. Na uku, duk wanda kuka ga wuyansa ya fara tasowa, kada ku bari a kai shi wurin tsaga ko ɗaure-ɗaure. Ku raka shi asibiti tun abin yana ƙarami, domin ba kowane maƙoƙo ne ke bukatar wuƙa ba.

Mu fastoci da dattawa kuma ga namu alkawarin. Ba za mu ƙara ba kowa bagade ya kira mutane su zubar da magani ba, kome sunansa, kome yawan jama'ar da yake tarawa. Shaidar warkarwa za mu karɓe ta da murna bayan likita ya duba. Za mu kuma buɗe fili ga wata irin shaida da muka daɗe muna rainawa: ta wanda zai tsaya ya ce shekara biyar ke nan Allah bai bar shi ya rasa ƙwayarsa ba ko sau ɗaya. Ita ma ta isa a yi mata tafi.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na Sama, mun gode maka domin likitoci da nas-nas, da hikimar da ka ba 'yan adam su gano magani. Ka gafarta mana inda muka ɗora wa marasa lafiya nauyin da kai ba ka ɗora musu ba. Ka ƙarfafa waɗanda suka gaji da shan magani, ka tanada wa waɗanda hannunsu ya gaza, ka buɗe idanunmu mu ga ɗan'uwan da ke jin kunyar roƙo. Ka koya mana gode maka a kan tanadin kowace safiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu muka roƙa. Amin.